Shin huhu zai iya haɗa wa jiki maganin da ya rasa?

Tambaya: Wani magidanci daga Garwa ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 9 yana fama da ciwon rashin daskarewar jini, wato hemofiliya nau'in A. Ya ce an turo masa wani bidiyo ta WhatsApp da ke cewa Turawa sun samo maganin da ake shaƙa sau ɗaya, daga nan huhu ya ci gaba da haɗa maganin da kansa har ƙarshen rayuwa. Yana son ya san ko gaskiya ne, ko zai yi wa ɗansa da kuma 'yar ƙanwarsa mai sikila amfani, da kuma inda ake samunsa.

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya ƙara muku haƙurin jinya. Maganar da ke cikin bidiyon tana da tushe, domin da gaske akwai masana a Ingila da Amurka da suka daɗe suna ƙoƙarin sa huhu ya riƙa haɗa furotin ɗin da jikin marar lafiya ya rasa. Sai dai mai bidiyon ya ɗauki abin da aka gani a jikin ɓerayen gwaji ya mayar da shi tamkar maganin da ke kan kanta. Har yau babu hukumar kula da magunguna ko ɗaya a duniya da ta amince da maganin ƙwayar gado na shaƙa don wani ciwon gado, kuma a kan hemofiliya aikin bai kai matakin gwaji a jikin mutane ba. Sikila kuwa ba ta cikin wannan lissafi, zan kuma zo kan dalilin. Duk da haka batun ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina ya shafe mu mutanen arewacin Kamaru da Chadi ta wata fuska da masu binciken kansu ba su cika ambata ba.

Jiki yana haɗa dubban nau'o'in furotin, kowanne da aikinsa, kuma umarnin haɗa kowane ɗaya yana rubuce a cikin ƙwayar gadon da mutum ya samo daga iyayensa. A wurin ɗanka, umarnin haɗa fakta 8, ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke sa jini ya daskare, shi ne ya zo da tangarɗa, shi ya sa ɗan ƙaramin bugu kan kumbura masa gwiwa ko gwiwar hannu. Maganin da aka saba da shi shi ne allurar fakta 8 a jijiya, amma rabin abin da aka zuba yakan ƙare cikin kimanin awa 12, saboda haka mai son kariya ta kullum sai ya riƙa karɓar allura sau biyu ko uku a mako muddin yana raye. Maganin ƙwayar gado yana neman kauce wa wannan wahala ta hanyar shigar da sahihin umarnin cikin ƙwayoyin halittar jiki, su kuma su riƙa haɗa furotin ɗin da kansu. Bambancin kamar na mutumin da aka ba buhun gero ne da wanda aka ba iri, kuma duk manomi ya san cewa idan aka ba ka iri, tambaya ta gaba ita ce a wace gona za ka shuka.

Wurin da aka fara zaɓa shi ne hanta, tunda a nan ake haɗa yawancin furotin ɗin daskarar jini. Ƙwayar gado ba ta shiga ƙwayar halitta da kanta, sai an ɗora ta a kan wani ɗan aike, kuma ɗan aiken da masana suka fi dogara da shi bairos ne da aka cire wa duk abin da ke sa shi hayayyafa ko haddasa ciwo. Wani ƙaramin bairos da ake kira AAV shi ya fi yin suna. Da shi aka yi Hemgenix, wanda Amurka ta amince da shi a watan Nuwamba na 2022 don hemofiliya nau'in B, da kuma Roctavian na nau'in A, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, Amurka kuma a 2023. Ana zuba su sau ɗaya a jijiya, su tafi hanta, kuma mutane da dama da suka karɓa sun daina allurar mako-mako.

Nasara ce babba, amma tana da iyakokin da suka tilasta wa masana neman wani wuri. Dukansu biyu na manya ne kawai, domin ƙwayar gadon da AAV ke kaiwa ba ta haɗewa da asalin gadon ƙwayar halitta, a gefe take zama, saboda haka idan hantar yaro tana girma, ƙwayoyinta suna rarrabuwa, maganin sai ya yi ta tsinkewa. Ga kuma matsalar garkuwar jiki: mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da AAV a rayuwarsu ba tare da sun sani ba, jikinsu ya riga ya tanadi abin da zai kashe shi, sannan duk wanda aka zuba wa sau ɗaya jikinsa zai ƙi karɓar na biyu. A wurin masu nau'in A an lura cewa yawan fakta 8 yana raguwa shekara bayan shekara, ke nan ga magani yana ƙarewa, ga kuma hanyar ƙari a toshe. Hantar kanta takan nuna alamar kumburi bayan an zuba maganin, har sai an ɗora mutum a kan magungunan danne garkuwa na tsawon watanni, kuma wanda ke da ciwon hanta nau'in B ko C mai aiki, ko hantarsa ta riga ta taurare, ba a saka shi cikin masu karɓa.

A nan ne huhu ya ja hankali. Babban sashe ne na cikin jiki da ake iya kaiwa gare shi ba tare da allura ko wuƙa ba. A ƙarshen hanyoyin iska akwai 'yan jakunkuna sama da miliyan 300, waɗanda idan aka shimfiɗa su za su rufe fili mai murabba'in mita 70 ko kusa da haka, alhali fatar jikin babban mutum ba ta wuce murabba'in mita 2 ba. Bangon da ya raba iska da jini a cikinsu bai kai kaurin maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma duk jinin da zuciya ta buga, kimanin lita 5 a kowane minti ga mutumin da ke zaune, sai ya ratsa ta wurin. An kuma riga an tabbatar da cewa furotin yana iya tsallakawa daga huhu zuwa jini, tunda insulin na shaƙa ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Exubera, kodayake an janye shi a shekarar da ta biyo baya saboda rashin ciniki, sannan wani mai suna Afrezza ya sami amincewa a Amurka a 2014. Tunanin masana ke nan: idan furotin da aka shaƙa yana isa jini, me zai hana wanda ƙwayoyin huhu suka haɗa da kansu ya isa?

Abin da ya hana shi ne yadda Allah ya tsara huhu don ya kori baƙo. Kowace rana mutum yana shaƙar dubban litocin iska ɗauke da ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cuta, kuma da huhu yana barin kowane abu ya shige da ba mu kai labari ba. Majinar da ta lulluɓe hanyoyin iska tana kama abin da ya shigo, 'yan ƙananan gasu da ke ƙarƙashinta suna kaɗa ta zuwa maƙogwaro, a can ƙasa kuma akwai ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye duk abin da ya tsallake. Ɗigon feshin da ya wuce maikuron 5 a maƙogwaro da manyan hanyoyin iska yake tsayawa, wanda kuma ya yi ƙanƙanta da yawa yakan sake fita da numfashi, saboda haka dole na'urar feshin ta fitar da shi tsakanin maikuron 1 da 5, ba tare da ƙarfin feshin ya farfasa ɗan aiken ba. Huhu ba ya bambanta bairos mai cutarwa da wanda aka cire wa dafi.

Masu ciwon sistik faiburosis su ne suka fara ɗanɗana wannan darasi. Ciwon gado ne da ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu, kuma ya fi yawa a tsakanin Turawa. A 1989 masana a Toronto da Michigan, cikinsu har da Lap-Chee Tsui da Francis Collins, suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, aka kuma ɗauka cewa cikin 'yan shekaru za a fesa sahihiyar ƙwayar a huhu a huta. An fara gwaji a jikin mutane a 1993 da bairos ɗin adeno, amma tasirinsa bai daɗe ba, ya kuma tayar da kumburi. Sai a 2015 wata gamayyar masana daga jami'o'in Oxford da Edinburgh da Imperial College ta Landan ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da marasa lafiya 140, inda aka naɗe ƙwayar gadon cikin ɗigon kitse maimakon bairos, ana shaƙa sau ɗaya a wata har shekara guda. Ƙarfin numfashin waɗanda suka shaƙi maganin ya ɗara na waɗanda suka shaƙi ruwan gishiri da kashi 3.7 cikin 100. Wannan shi ne karon farko da aka nuna amfanin hanyar a jikin mutane, amma su kansu masu binciken sun yarda cewa bai isa a mayar da shi magani ba. Shekara 26 ke nan tsakanin gano ƙwayar da wannan ɗan ƙaramin ci gaba, kuma ina son ka riƙe wannan adadi a duk lokacin da wani ya ce maka magani ya kusa.

Wannan gamayya ce ta koma ta ƙera sabon ɗan aike tare da wani kamfanin Japan, kuma ina kyautata zaton aikinta ne asalin labarin da ya iso wayarka. Sun ɗauki wani bairos na birai, ɗan dangin mai haddasa ƙanjamau, suka kwashe cikinsa ta yadda ba zai hayayyafa ko ya jawo ciwo ba, sannan suka lulluɓe shi da furotin biyu na bairos ɗin Sendai, wanda ya ƙware wajen shiga hanyoyin iskar ɓeraye. Shi wannan ɗan aike yana dasa ƙwayar gadon a cikin asalin gadon ƙwayar halitta, saboda haka tana daɗewa, ya fi AAV ɗaukar kaya, kuma a jikin ɓeraye an iya maimaita shi ba tare da ya daina aiki ba. A 2018 suka wallafa cewa sun ɗiga shi a hancin ɓeraye ɗauke da umarnin haɗa furotin biyu na ɗan Adam. Na farkon, alfa-1 antitiripsin, furotin mai kare huhu, ya bayyana a ruwan da ke lulluɓe da huhu a matakin da ake ganin zai yi magani, ya kuma ci gaba har aƙalla wata 19 bayan ɗigo ɗaya. Na biyun shi ne fakta 8, kuma an same shi a jinin ɓerayen a matakin da ya kusanci wanda ake buƙata. Sun kuma nuna cewa ƙwayoyin hanyar iska na ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji suna iya haɗa duka biyun. A farkon 2025 aka sanar da cewa kamfanin Boehringer Ingelheim ya soma gwada wannan ɗan aike a jikin mutane, amma don sistik faiburosis.

Abin da zai tantance makomar wannan dabara, a ganina, shi ne yawan furotin ɗin da ake buƙata da kuma inda ake buƙatarsa. Ƙwayar huhu tana da fuska biyu, ɗaya tana kallon iska, ɗaya tana kallon jini, kuma kaso mai yawa na abin da ta haɗa a cikin huhun yake tsayawa. Alfa-1 antitiripsin, wanda likitoci biyu na Suwidin suka gano ciwon rashinsa a 1963, hanta ce ke yin sa, amma aikinsa shi ne kare huhu daga wani sinadari da ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa, wanda idan ba a taka masa birki ba yakan cinye bangon jakunkunan iska. A jinin mai lafiya akwai giram 1 zuwa 2 nasa a kowace lita, adadin da ya gagari masu gwaji lokacin da suka yi ƙoƙarin sa tsokar jiki ta haɗa shi, domin abin da suka samu bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema ba. Idan kuwa a huhun aka haɗa shi, ba sai an cika jini da shi ba, tunda ya riga ya sauka a inda zai yi aiki. Fakta 8 ya sha bamban. A jini ake buƙatarsa, amma abin da ke cikin jinin mai lafiya bai wuce miligiram 0.2 a lita ba, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu 10 na wancan. Bugu da ƙari, ba sai an kai cikakken mataki ba: mai ciwo mai tsanani yana da ƙasa da kashi 1 cikin 100, kuma idan aka ɗaga shi ya wuce kashi 5, ya koma cikin masu ciwo mai sauƙi, waɗanda ba kasafai jini ke zubo musu a gaɓoɓi haka kawai ba. Ɗan abin da ya tsallaka daga huhu zuwa jini zai iya isa ke nan.

Ga kuma ɓangaren da bidiyon ba zai gaya maka ba. Fakta 8 furotin ne mai girma da wuyar haɗawa, ya ninka insulin fiye da sau 25, kuma jikin mai hemofiliya mai tsanani yana iya ɗaukarsa a matsayin baƙo. Kusan uku cikin goma na irin waɗannan yara jikinsu yakan haɗa sinadarin garkuwa da ke lalata fakta 8 da aka yi musu allura. Hanta an san ta da lallashin garkuwar jiki ta haƙura da sabon abu, huhu kuwa sashe ne da garkuwa ke zaune cikin shiri. Wannan na cikin abubuwan da sai an bi su a jikin manyan dabbobi kafin a taɓa mutum. Huhun ɓera ɗan mitsitsi ne, ɗigo kaɗan ya wadace shi, amma na mutum yana buƙatar ɗan aike mai yawan gaske, kuma ƙera shi da tsabta a wannan adadi aiki ne mai cin kuɗi.

Saboda haka inda aka fi samun ci gaba shi ne wurin cututtukan da furotin zai yi aiki a cikin huhun kansa. Kamfanin Krystal Biotech na Amurka, wanda a 2023 ya sami amincewa kan maganin ƙwayar gado na shafawa a fata, yana gwada na shaƙa a jikin mutane don sistik faiburosis da rashin alfa-1 antitiripsin, da kuma wani da ke sa huhu ya haɗa furotin biyu masu zaburar da garkuwa a kan ciwon daji. Tun a 2013 masana a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa idan aka saka wa dabbobin gwaji AAV ta hanci ɗauke da umarnin haɗa sinadarin garkuwa, yana kare su daga mura mai kisa. Mafi kusa da amfanin jama'a shi ne rigakafin korona na shaƙa na kamfanin CanSino, wanda Sin ta amince da shi a watan Satumba na 2022: bairos ne marar hayayyafa da ke kai umarni ga ƙwayoyin hanyar iska su haɗa wani furotin na ɗan lokaci. Akwai kuma masu amfani da mRNA, wato kwafin umarnin haɗa furotin da ke narkewa cikin kwanaki, wanda dole a riƙa maimaitawa. Wasu na ganin hakan naƙasu ne, ni kuwa ina ganin akwai hikima a cikinsa, domin abin da ke ƙarewa da kansa ana iya dakatar da shi idan ya zo da matsala.

Wannan batu na dakatarwa ba ƙarami ba ne. A watan Satumba na 1999 wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu a Amurka kwanaki kaɗan bayan an zuba masa bairos ɗin adeno a wani gwaji, saboda garkuwar jikinsa ta yi mummunan tashi. A farkon shekarun 2000 kuma, cikin yara 20 da aka yi wa maganin rashin garkuwa na gado a Paris da Landan, 5 sun kamu da sankarar jini, domin ɗan aiken ya dasa ƙwayar kusa da wata da ke sa ƙwayoyin halitta hayayyafa. 'Yan aiken yanzu sun fi waɗancan aminci nesa ba kusa ba, amma duk wanda ke dasa ƙwaya a cikin gado sai an bi masu karɓarsa shekaru masu yawa. Kumburin hanta sau da yawa a gwajin jini kawai ake ganinsa, mutum yana harkokinsa, amma kumburin huhu numfashi yake taɓawa nan take. Sannan ko da maganin ya yi aiki, ba ya canza abin da mutum zai gadar: ɗanka idan ya girma ya haihu, 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar ciwon, ko an yi masa magani ko ba a yi ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a ƙasashenmu, inda kusan mutum ɗaya cikin goma na manya a Kamaru ke ɗauke da shi, kuma jihohin arewa sun fi na kudu yawan masu shi, haka ma Chadi tana cikin ƙasashen da ya yi yawa. Mai hemofiliya a nan ya fi kowa shiga haɗarin, tunda yakan sha ƙarin jini idan babu fakta. Ma'ana, ko da maganin ƙwayar gado da ke bi ta hanta ya zo kyauta gobe, akwai marasa lafiyarmu da yawa da za a mayar gida. Maganin da ba ya bi ta hanta, wanda ake bayarwa da na'urar feshi irin wadda asibitocinmu ke amfani da ita ga masu asma, kuma ake iya maimaitawa yayin da yaro ke girma, ya fi dacewa da halinmu. Amma huhunmu ma yana ɗauke da nasa kaya. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma ita ce iskar hunturu ke kwasowa ta rufe Injamena da Kuseri da Marwa da Garwa da hazo na tsawon watanni. Ga hayaƙin itace da gawayi da yaro ke shaƙa tun yana goye, ga tarin fuka da ke barin tabo ko bayan an warke. Ɓerayen gwaji a ɗaki mai tataccen iska ake rainonsu. Huhun da majinarsa ta yi yawa, garkuwarsa kuma kullum a tsaye take, zai fi wuyar karɓar ɗan aike, ƙwayoyinsa da ke yawan mutuwa suna sabuntawa kuma za su fi saurin zubar da ƙwayar da aka dasa. Kuma babu likitan da zai yarda a fesa abin da ke tayar da garkuwa a huhun da ba a bincika shi don tarin fuka ba. Duk sakamakon da aka samu a Landan, sai an sake gwada shi a jikin mutanen Sahel kafin a ce ya dace da mu.

Game da 'yar ƙanwarka, sikila ba ciwon rashin wani furotin mai yawo a ruwan jini ba ce. Matsalar tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ake haɗawa a ɓargo, kuma babu abin da huhu zai haɗa ya shiga cikinsu ya gyara su. Maganin ƙwayar gado na sikila ya riga ya fito, Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba na 2023, Amurka kuma a Disamba, amma ana yin sa ne ta hanyar ɗebo ƙwayoyin ɓargo a gyara su a waje, a share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, sannan a mayar da su, tare da jinyar makonni a asibiti. Abin da ya fi kusa da hannu a gare ta shi ne haidiroksiyuriya, wanda gwajin da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ya nuna yana rage rikicin ciwo da buƙatar ƙarin jini ga yaran Afirka, sai dai dole likita ya riƙa duba jininta yayin da take shan sa.

Farashin da aka sanya wa Hemgenix a Amurka a 2022 dala miliyan 3.5 ne, kimanin sefa biliyan 2, wanda aka sanya wa Casgevy a 2023 kuma dala miliyan 2.2. Duk wanda ya tallata maka maganin gado na shaƙa a kwalba, ko ya ce ka tura kuɗi a kawo maka daga Dubai ko Indiya, damfara ce, domin abin da yake sayarwa babu shi. Labarin da ya cancanci ka saurara shi ne ranar da aka ce an gwada a jikin masu hemofiliya, aka auna fakta 8 a jininsu bayan shekara guda ko fiye, aka kuma faɗi halin da numfashinsu yake ciki.

Kafin wannan rana, gaɓoɓin yaron su ne abin tsaro, domin gwiwar da jini ya lalata babu maganin gadon da zai mayar da ita. Ka nemi likitansa ya haɗa ku da cibiyar kula da masu hemofiliya da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Yawunde, a yi masa rajista, a auna matakin fakta 8 nasa, a kuma duba ko jikinsa ya fara haɗa sinadarin da ke lalata shi. Tarayyar Hemofiliya ta Duniya, mai hedikwata a Montreal, tana da shirin raba magani kyauta ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ta hannun irin waɗannan cibiyoyi yake bi. Ka tambaye su batun Hemlibra, maganin da ke yin aikin fakta 8 a jini, wanda ya fito a 2017, ana yin sa a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako ko a mako biyu ko a wata, kuma yana aiki har ga masu wancan sinadari. A guji ba shi asfirin da ibufurofen da dikulofenak, farasitamol ya wadatar ga ciwo, kada kuma a yi masa allura a tsoka, kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga ko ya cire masa beli. A nisanta shi da hayaƙin murhu gwargwadon iko, kuma tarin da ya wuce mako biyu a kai shi gwaji. A duba jininsa don ciwon hanta nau'in B da C, kuma idan ba a taɓa yi masa rigakafin nau'in B ba, a yi masa shi a ƙarƙashin fata da siririyar allura, a danne wurin na tsawon mintuna kafin a saki.